Gashin Bakin Darakta A-Sake

Masu karatu, wanda ya biyo ni tun farko ya yi haƙuri da maimaici. Wanda ya shigo yau, ga inda muke.

Shekara shida na yi a ƙasar da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, ina koyon tace hoto. A ba ni ɗanyen bidiyo na awa goma, in yanke, in jona, in mayar da shi minti huɗu da mutum zai kalla bai ƙosa ba. Sana'ata ke nan. Na dawo gida da takardar shaida ɗaya, da rigunan sanyi uku da ba su da amfani a nan, da halin da Mama ke kira bushewar zuciya. Ban yi kuka ranar tafiya ba, ban yi ranar dawowa ba. Na faɗa muku ne don ku san irin wadda ke ba ku labarin, kada ku zauna jiran hawaye.

Wata takwas ke nan ina aiki da wani mawaƙi. Siriri ne, mai dogayen yatsu. In ba waƙa yake ba, sai ka ce "na'am?" sau biyu kafin ka ji gaisuwarsa. Amma akwai wani ɗan ɗaki a bayan sitidiyo, mai madubi guda da ƙugiya uku a bango. Idan ya shiga nan, sai ya cusa matashin kai a cikin riga, ya ɗora kwat ruwan ƙasa mai kafaɗa kamar faɗin ƙofa, ya sa tabarau marar gilashi, ya rataya usur a wuya, ya liƙa gashin baki da gam. Wanda zai fito ba shi ba ne. Darakta A-Sake ne.

Daga bakinsa ya samo sunan. Ko ɗauka ta yi kyau kamar me, sai ya busa usur ya ce a sake. Ya taɓa sa an sake ɗaukar wata akuya sau tara, wai ba ta shiga labarin da zuciya ɗaya ba. Kada ku ɗauka wasa ne kawai. Duk bidiyon waƙoƙin, Darakta ne ke tsara su da gaske: inda fitila za ta tsaya, inda masu rawa za su juya. Mawaƙi da fuskarsa ba zai iya ce wa mai kyamara matsa can ba. Darakta kuwa har mai ginin sitidiyon yana yi wa tsawa.

Tsakanin waƙa da waƙa muna sakin gajerun bidiyo na barkwanci, Darakta yana yi wa "yaronsa" Mawaƙi faɗa. Sun fi waƙoƙin yawo a wayoyi. A nan aikina yake. Sai a kafe kyamara a kan ƙafarta, a kewaye ta da layin alli, a yi wa kowa kashedi kada ya kusance ta. A ɗauki Darakta a hagu yana zazzaga wa kujerar da babu kowa masifa. Ya je ya cire kaya, ya dawo ya zauna a dama, ya sunkuyar da kai yana sauraron faɗan da shi ya yi minti ashirin da suka wuce. Ni kuma in ɗinke tsakiya, ɗinkin da ido ba ya kamawa.

Akwai guda da nake alfahari da shi. Darakta ya miƙa kofin shayi, Mawaƙi ya karɓa daga hannunsa, tururi na tashi. Kwana uku na yi a kan daƙiƙa biyun nan, hoto bayan hoto, ina goge hannun mai kyamara da ya riƙe kofin a tsakiya. Ku riƙe maganar kofin nan.

Darakta yana kirana Malama Almakashi, kuma ba ya gajiya da yi min magana. A gaban mutum ashirin yake cewa yaronsa ya mutu a kaina amma ragon maza ne, ko sunana ba ya iya kira sai ya sha ruwa. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Abin da aka faɗa da gashin bakin ƙarya ba a kama mutum da shi.

Mawaƙi kuwa "sannu da aiki" ce iyakarsa. Sai dai kullum in na zo ina tarar da lemo ɓararre a kan teburina, an cire masa har farin zaren nan, an rufe da faranti. Ban taɓa ganin mai ajiyewa ba. Na dai san wanda yatsunsa ke ƙamshin ɓawo.

Lamba biyu gare shi, kuma da gaske yake raba su. Ga irin saƙon Darakta: "MALAMA ALMAKASHI. HASKE YA YI YAWA A MINTI NA BIYU. A SAKE. KIN CI ABINCI? IDAN KIN CI, A SAKE." Ga na Mawaƙi: "Na gode." Wani lokaci in ga alamar yana rubutu, ta ɗauki minti uku, ta ɓace. Sai "To" ta shigo.

Zan faɗa muku abin da ko Yayata ban faɗa wa ba. Kowace ɗauka tana da wutsiya: 'yan daƙiƙun da ke tsakanin "a yanke" da lokacin da mai kyamara zai kashe. Masu sana'ata zubar da su suke yi. Ni tarawa nake. A cikinsu ne Darakta ke sauke kafaɗa, ya zare tabarau ya murza ido, fuskar ta koma ta mai ita, ya waiwayo kusurwar da nake zama da kwamfuta. Daƙiƙa biyu, uku. Na jona su wuri guda na sa wa fayil ɗin suna "Shara". Yanzu ya kai minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Tsawon waƙa guda, babu sauti. Na kalle shi fiye da duk abin da na taɓa tacewa. Ba na jin kunyar faɗa. To, ina ji kaɗan.

* * *

Litinin da safe saƙo ya shigo daga kamfanin da na yi wa aikin gwaji a can ƙasar da na yi karatu. Suna so in koma, kujera ta dindindin, irin aikin da na yi shekara shida ina hange. Suna son amsa kafin ƙarfe biyar na yammacin Alhamis, don akwai wata a bayana a layi.

Na kai maganar falo bayan abincin rana. Baba na kan kujerarsa ta kusa da taga, wadda hannunta na dama ya koɗe. Tsohon mai duba makarantu ne. Shekara talatin yana faɗawa aji ba sanarwa, ya ja yatsa a kan tebur ya duba. Tun da ya bar aiki ganinsa ya ragu, fara'arsa ta ragu fiye da ganin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tafiya ko zama, duk wanda zan yi in yi shi da dalilin da zan iya faɗa a gaban mutane.

Mama tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Ba ta son in tafi, kuma Mama ba ta iya barin magana ta kwana a cikinta. Ta ce ai dalilin zama akwai shi, sai dai in yarinya ta ƙi faɗa. Na harare ta. Ta ci gaba da ninke zanin gado kamar ba ita ba. Baba ya tambaya wane ne. Ta ce wanda nake aiki da shi mana, mawaƙin.

Baba ya cire tabaransa ya ajiye a cinya.

"Wannan yaron da Darakta ke fama da shi?"

Na ɗauka zolaya ce. Baba ba ya zolaya. Ya fara jera laifi da yatsu, yadda yake yi wa shugabannin makarantu. Na ɗaya, yaro ba ya zuwa a kan lokaci. Na biyu, ba ya iya kallon mutum ya yi magana. Na uku, ya fara abu ba ya ƙarasawa. Ya ce ba shi ya faɗa ba, ubangidan yaron ne ya faɗa, mutumin da ya san aiki, wanda ba ya karɓar rabin abu. Da irin Darakta ake samu a makarantu, in ji shi, da tuni an gyaru. Da ma Daraktan ne, ko da ya ɗan manyanta, da sai a zauna a yi magana.

Na ce, "Baba, ai mutum ɗaya ne."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa kuma ya kwafe ta a karkace. Ya lalubo wayarsa, ya kawo ta dab da hanci. Bai sha wahalar nema ba. Ya juyo min da ita. Darakta ya miƙa kofi, Mawaƙi ya karɓa. Tururi na tashi.

"Uwata, mutum yana miƙa wa kansa kofi?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Mama ta taka min ƙafa. A kicin ta gaya min cewa Yayata ta taɓa gwada faɗa masa, ya ce 'yan zamani komai sai sun ce ƙarya ne. Ta ce tun da ya ajiye aiki babu mai sa shi dariya har ya yi tari sai Darakta. Da safe ya kalla, da yamma ya kalla. Har "a sake" yake ce mata idan shayi bai yi ba. Ta ce in bar masa abokinsa. Na tambaye ta yadda aka yi ta san zancen mawaƙin. Ta ce yarinyar da tun tana goye ba ta shan lemo, yau ita ke dawowa gida da ƙamshinsa a hannu.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Malamina na can ya sha gaya mana cewa aikinmu ya yi kyau ne idan babu wanda ya san mun yi shi. To ga nawa ya yi kyau. Da hannuna na ɗinka wa mutumin da nake so mummunar shaida, na kai ta har aljihun ubana.

* * *

Talata muna ɗaukar sabuwar waƙa a saman wani bene, rana ta take. Darakta na tsakiyar masu rawa takwas masu rawayen kaya, yana gaya wa ɗaya cewa ƙafarta ta hagu ba ta karanta labarin ba. Da aka tafi hutu na bi shi matattakala, inda akwai inuwa. Gumi ya jiƙa kwat ɗin har gadon baya. Na ce ina da magana. Ya ce hukuma na saurare.

Na ce ba da hukuma zan yi ba, ya cire abin nan. Ya taɓa gashin bakin. Irin gam ɗin ba a fizgarsa, sai an shafa mai an jira ya saki, in ba haka ba ya tafi da fata. Na sani, shi ma ya san na sani. Ya ce saura ɗauka shida, hukuma ba ta tuɓewa a bakin aiki.

Sai na faɗa wa gashin bakin. Kamfani, Alhamis, ƙarfe biyar. Baba, da yatsunsa uku, da kofi. Na zaci zai yi dariya a wurin kofin. Bai yi ba. Ya zauna a kan matattakala, matashin ya turo sama har ƙirjinsa, ya yi shiru. Ban taɓa ganin Darakta ya yi shiru ba sai a cikin Shara.

Ya taɓa ba mu labarin inda Darakta ya fito, shi ma da bakin Darakta, ana dariya. A bidiyonsa na farko, wani darakta na gaske ya yi masa tsawa a gaban mutum talatin har muryarsa ta ɗauke, aka tashi ba a ɗauki komai ba. Ya koma gida ya tsaya gaban madubi yana kwaikwayon mutumin don huce haushi. Sai ya ga a cikin wannan muryar babu abin da ba zai iya nema ba. Abin da ban lura da shi ba sai a matattakalar nan: faɗan da Darakta ke yi wa Mawaƙi, babu mai rubuta masa. Shi ma ba ya rubutawa. Yana buɗe baki suke zubowa a jere, kamar karatun da aka daɗe da haddacewa.

"Baba bai yi ƙarya ba," ya ce. Ƙaramar muryar ce, daga ƙarƙashin gashin baki mai girman tsintsiya.

Na jira. Kalma uku nake jira, masu karatu. Na jira har na ƙirga tabon fenti goma sha huɗu a bango. Mai kyamara ya leƙo ya ce rana na gudu. Ya miƙe, ya gyara matashi, ya busa usur. Aka koma aiki.

Da yamma ina cikin motar haya saƙo ya shigo, lambar Darakta:

"MALAMA ALMAKASHI. HUKUMA TA YANKE SHAWARA. ZAN ZO DA KAINA IN GA BABA. ZAN CE NA BINCIKA, YARONA YA SHIRYU. HAR DA TAKARDAR YABO MAI HATIMI. BABA BA ZAI MUSA MIN BA."

Gaskiyarsa. Ba zai musa ba. Na hango abin tsaf: Baba ya miƙe tsaye don murna, ya sa Mama ta fito da kofunan baƙi, Darakta ya cika falo da murya, kafin shayi ya huce an gama. Washegari Mawaƙi ya zo a sunkuye ya karɓi abin da wani ya roƙa masa. Hanya ce mai sauƙi, kuma irin aikina ce: hagu daban, dama daban, ni in ɗinke tsakiya. Sai na tambayi kaina har yaushe. Ranar da na yi fushi, wa zai ba ni haƙuri? Ranar da ba ni da lafiya, wa zai zauna a bakin gado, mai usur?

Na tura wa Yayata hoton saƙon. Ta amso da fuskokin dariya bakwai, sannan: "Wasu ɗaya suke nema sun rasa, ke an ba ki biyu kina yanga." Bayan minti ɗaya: "Wasa nake. Kada ki yarda. Kuma kada ki tafi."

Ita kam ta iya faɗar kalma ukun.

Ban amsa wa Darakta ba. Na buɗe ɗaya lambar, inda hirarmu ta wata takwas ba ta cika fuskar waya biyu ba. Na rubuta: "Baba yana zama a falo daga ƙarfe huɗu. Mutum ɗaya nake so ya zo." Alamar rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta fito. Motar ta wuce tasha biyu.

"To."

* * *

Laraba babu ɗauka. Na je sitidiyo in tace na jiya. Babu lemo a kan tebur. Farantin yana nan, wankakke, a kife. Na yi awa biyar ina yanke bidiyon masu rawa, na sami wutsiya guda tak: bayan ɗauka ta ƙarshe ya zare tabarau, bai waiwayo ba. Ban sa ta a Shara ba.

A gida na sauko da akwatin da ke saman kabad. Rigunan sanyin suna nan, suna warin ajiya. A aljihun baƙar na sami tsohon tikitin jirgin ƙasa da safar hannu guda. Na tuna ɗakina na can: taga ɗaya, tukunya ɗaya, da shirun da har numfashin firji kake ji. Ba na ƙin wurin. A can babu mai tambayarka dalili. Babu kuma mai cire wa lemo zare.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa da dutsen guga a hannu, ta ga akwati a buɗe. Ta ce dama ta zo tambaya ne ko ina da abin guga. Ba ta jira amsa ba.

Na rubuta wa kamfanin amsa biyu na ajiye. Ɗaya ta ce na gode, ina zuwa. Ɗaya ta ce na gode, ba zan zo ba.

* * *

Alhamis na sa doguwar riga shuɗiya marar ado, da farin mayafi. Na cire na sa ruwan toka. Na mayar da shuɗiyar. Mama ta ga duk wannan, sai ta je ta goge teburin falo sau biyu. Ita ta gaya wa Baba cewa yaron zai zo gaishe shi ƙarfe huɗu.

Ƙarfe huɗu Baba ya zauna. Huɗu da kwata babu kowa. Huɗu da rabi ya dubi agogon bango, ya dubi Mama, ya ɗaga yatsa ɗaya. Ni ina bayan labulen da ya raba falo da ɗakuna, waya a hannu, amsoshi biyu a buɗe.

Huɗu da minti talatin da takwas aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ban ji usur ba.

Farar riga ce a jikinsa, ta ɗan yi masa yawa a wuya, da baƙar leda a hannu. A saman leɓensa akwai jan layi, fata ta saluɓe. Daga baya na ji cewa ya shirya tsaf cikin kayan Darakta, ya zo har bakin layinmu, ya zauna a mota rabin awa, sannan ya fizge abin ba tare da mai ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya ce "na'am?" Ya sake gaisarwa. Aka nuna masa kujera, ya ɗosana a bakinta, leda a kan gwiwa, ido a ƙasa. Mama ta ajiye shayi, ta zagayo ta tsaya a bayana tana numfashi a wuyana. Baba ya tambayi aiki, ya ce lafiya. Baba ya tambayi lafiyar ubangidansa Darakta. Ya ƙura wa ledar ido. Agogon bango ya cinye minti biyu. Na ga yatsa na biyu ya ɗagu a kan hannun kujera.

"Darakta ya faɗa," in ji Baba. "Ba ka da baki."

Huɗu da arba'in da bakwai. Na ɗora babban yatsana a kan amsar farko.

Sai na ji ƙarar leda. Ya fito da usur ya ajiye a kan tebur kusa da kofin Baba. Ya fito da tabarau ya ajiye. Sannan gashin bakin, a hankali, kamar mai ajiye tsuntsun da ya mutu a hannunsa.

Baba ya sunkuyo. Ya ɗauki tabarau, ya zura yatsa ta inda gilashi ya kamata ya kasance. Ya ɗauki gashin bakin ya kawo dab da hanci, yadda yake yi wa waya. Ya dubi jan layin da ke saman leɓen baƙonsa. Ya daɗe yana duba. Na ga fuskar ubana ta yi abin da kafaɗar Darakta ke yi bayan "a yanke".

Bai juyo ba ya ce, "Uwata. Kofin fa?"

Ashe ya san ina bayan labule. Na ce ni ce, Baba, kwana uku na yi a kansa. Ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau. Ban taɓa jin yabon da ya yi min ciwo irin wannan ba.

Ya koma kan baƙonsa. Ya ce ashe duk abin da aka faɗa a kansa, shi ya faɗa da bakinsa. Shekara talatin yana duba makarantu, bai taɓa ganin malamin da ya rubuta wa kansa mugun rahoto ba. Gaskiya ne ko ƙarya?

"Gaskiya ne, Baba. Ina makara. Kallon mutum yana yi min wuya." Ya naɗe ledar a hannu. "Rashin ƙarasa abu ne na zo in gyara."

"Ina ji."

"Ina son ta zauna. Ba don aiki ba. Ina sonta."

Na ji. Mama ta ji, don ta matse min hannu har zobe ya nutse a yatsa. Baba ma ya ji, ido ne matsalarsa, kunnensa lafiya lau. Amma ya miƙa hannu ya ɗauki usur ɗin, ya jujjuya shi, ya goge bakinsa da gefen riga. Bai busa ba.

"Ban ji ba," ya ce. "A sake."

Mawaƙi ya ɗago kai. Ya dubi Baba ido da ido, sannan ya waiwayo wajen labule, irin waiwayen da na tara minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya nasa. Wannan karon da sauti. Ya sake faɗa da muryar da yake waƙa da ita, ina jin har maƙwabta sun ji.

Huɗu da hamsin da takwas. Na goge amsar farko na tura ta biyu. Ban jira abin da Baba zai ce ba. Ku lura da wannan, don ni na lura: na rufe ƙofar can alhali ta nan ba a buɗe ba tukuna. Wadda ke bayana a layi, Allah ya sa tana jure sanyi.

Wani abu ya shiga idona. Labulen Mama ne, ya kwana biyu ba a kaɗe shi ba.

Baba ya tura wa Mawaƙi usur da tabarau. Gashin bakin kuwa, ya buɗe gidan tabaransa ya kwantar da shi a ciki, ya rufe, ya sa a aljihun gaba. Ya ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Mawaƙi ya dubi aljihun. Gobe da safe akwai ɗauka. Masu rawa takwas da mai kyamara za su tsaya a rana suna jiran wanda zai ce musu matsa can, kuma gashin bakin nan guda ɗaya ne, ba shi da na canji.

"Baba, gobe muna da aiki."

"Na sani. Ka je ka yi shi da fuskarka. Uwata za ta kawo min ɗanyen bidiyon, ba tacacce ba." Ya dafa aljihun. "In na gani, sai in ba ka amsa."

Ɗanye, masu karatu. Har da wutsiya. Karo na farko tun da na koyi sana'ar nan, an karɓe min almakashi.